Ɗalibai za su fara haɗa robot a Yamai: wane kayan aiki za a fara saye da jika 150?

Malam Isufu:
Assalamu alaikum ƴan uwa. Shawarar masana nake nema. Ƙungiyar ɗalibai ce ta wani lise, wato makarantar sakandare, a nan Yamai, yara takwas, mata uku maza biyar, za su fara haɗa robot mai taya biyu wanda ke bin baƙin layi yana kauce wa cikas. An samu allon Arduino Uno biyu, wato ƙaramar kwamfutar da ke tafiyar da robot, ƙananan moter masu ruwan ɗorawa, da na'urorin gane layi da na auna nisa. Kayan aiki ne babu ko ɗaya. Ɗaki ne mai rufin kwano, tebur biyu, soket ɗaya. Abin da aka ware jika 150 ne na kuɗin sefa. Me za a fara saye, me zai iya jira?

Injiniya Hadiza:
Wa alaikumus salam Malam. Miltimita ne farko, wato na'urar auna bolt da amper, kuma biyu. Robot ɗin mai koyo in ya ƙi tashi, galibi ba rubutun kwamfuta ba ne ya lalace. Waya ce ta kwance, ko batir ya sauka, ko an juya + da −, kuma ido ba ya ganin ko ɗaya daga cikinsu.

Wanda za ku saya lalle ya kasance yana yin ƙara in an taɓa bakin waya biyu da ke haɗe, domin da wannan ƙarar za a yi rabin binciken. Sannan a tabbata ramin 10A yana da fizibil, wato fis. Ƙananan nan masu araha samfurin DT830, da yawansu wannan ramin ba shi da kariya. Ga inda abin ke ɓaci: yaro ya auna amper, ya bar jar sandar awo a ramin A, can ya zo auna bolt ɗin batir ya ɗora sanduna biyu a bakinsa. A wannan hali miltimita tamkar guntun waya yake, batirin litiyom kuma yana iya tura amper gommai nan take. In da fizibil, shi kaɗai zai ƙone. In babu, wayar sandar ce za ta yi zafi a hannun yaro. Doka ta farko a ɗakin: an gama auna amper, a mayar da jar sanda ramin V kafin a ajiye.

Amfanin biyun: ɗaya na kallon bolt ɗaya na kallon amper a lokaci guda sa'ad da aka riƙe tayar robot. Kuma batirin 9V da ke cikin masu araha in ya yi sanyi, sai su riƙa nuna lambar da ta fi gaskiya yawa. Na biyun ne zai tona asirin na farko.

Mamman Sani:
Na goyi bayan Injiniya. Bayansa sai ƙarfen dalma, wanda masu gyara ke ce wa fer. Kada a sayi irin wanda ake cusawa a soket ya yi ta zafi ba iyaka. Bakinsa yana baƙi ya ƙi kama dalma, sai yaro ya yi ta dannawa har jan ƙarfen allon ya ɓalle. A nemi mai wat 60 da ake saita zafinsa, a tsayar da shi tsakanin digiri 330 da 350. Dalmar, wato etan, mai lamba 63/37 ko 60/40, kauri milimita 0.8, mai ƙaro a cikinta. Tana fara narkewa a digiri 183. Naɗi ɗaya na giram 100 zai kai su nesa.

Baki kuma, masu koyo suna son mai tsini kamar allura, suna zaton shi ya fi dacewa da ƙananan ƙafafun kayan lantarki. Kuskure ne. Tsinin ba shi da faɗin da zai miƙa zafi. Mai faɗi kamar kurfi, milimita 2.4, shi ke yin kusan komai. Yadda ake yi: a goge baki, a shafa masa ɗan dalma, a jingina shi ya taɓa ƙafar da zoben allon gaba ɗaya, a ƙirga biyu, a kawo dalma kan mahaɗar ba kan bakin fer ba, a janye dalma, sannan a janye fer. Duka daƙiƙa uku zuwa huɗu. Mai kyau yana ƙyalli, ya hau ƙafar kamar ɗan tsibi. In ya dunƙule kamar ƙwayar gero a zaune bisa allon, bai kama ba, kuma irinsa ne ke aiki a tebur ya ƙi aiki in robot ya fara jijjiga.

Abu ɗaya da zan ja kunne a kai: ruwan asid da masu gyaran radiyetar mota ke sawa kafin liƙi, kada ya shiga ɗakin. Ran nan zai yi kyau, bayan makonni ya cinye wayar ta zama kore. A haɗa da mazaunin fer mai nauyi, da famfon tsotse dalma ɗaya.

Malama Rakiya:
Yaya Mamman, ina da magana kan dalmar. Wannan 60/40 ɗin, kashi 40 darma ce mai guba, kuma yara ne. Me ya sa ba za a sayi marar gubar ba tun da akwai ta?

Mamman Sani:
Akwai ta Malama, amma sai ta kai digiri 217 ko sama kafin ta narke, a ɗaga fer zuwa wajen 370, kuma ba ta gudana da sauƙi. Mai koyo zai daɗe a kan mahaɗa ɗaya, nan ne yake ƙona allo da yatsa. Hayaƙin da ake gani na ƙaron ne, gubar ba ta tashi a wannan zafin. Hanyarta hannu ce zuwa baki.

Malama Rakiya:
To ai mu da hannu muke cin abinci, saboda haka hanyar a buɗe take. In za a yi da mai gubar, ga sharaɗi, kuma a sa kuɗinsa cikin jika 150 ɗin nan: buta da sabulu a bakin ƙofa, kowa ya wanke hannu kafin ya fita. Ba gyaɗa, ba shayi, ba ruwan leda a teburin. Kada a riƙe dalma da haƙori don hannu biyu sun kama aiki, a sayi ɗan abin riƙe allo mai hannuwa biyu. Guntayen da suka zuba a share su da jiƙaƙƙen tsumma. Hayaƙin ƙaron ma ba lafiya ba ne ga mai asma. Fankar tsohuwar kwamfuta mai bolt 12 ta wadatar, a ajiye ta tana jan hayaƙin zuwa taga, kada ta hura wa fer iska ta sanyaya shi.

Sai tabarau na kariya guda tara, har da na malami. Ƙafar da aka datse da fensa tana tashi kamar tsakuwar gwafa, kuma fuskar na kusa take nufa. Wanda yake kallo ma ya sa.

Injiniya Hadiza:
Malam Isufu bai ambaci kuran ba, wato wutar lantarki, amma soket ɗaya ne, kuma kowa ya san yadda ake ɗauke wuta a watannin zafi. Akwai ƙananan fer irin TS100 da ke aiki da bolt 12 zuwa 24. A bolt 12 wat 17 kawai yake bayarwa, ya isa ƙananan ƙafafu amma ba zai liƙa waya mai kauri ba. A bolt 19 na cajar kwamfutar hannu yana kai wat 40, a 24 ya kai 65. In makarantar na da batirin sola, wannan ya fi dacewa da ku. A ƙara da rariyar soket mai kyau mai makunni, a ɗaure ta a ƙafar tebur, kada wayar fer ta ratsa hanyar da yara ke wucewa.

Baba Aliyo:
Salamu alaikum daga Tawa. Ɗiyana duk kun tafi ga wuta kun bar ƙarfe. Robot sai ya tsaya da ƙafarshi kafin a ba shi wuta. Ni abin da zan ce a fara saye shi ne eto, wato matsin da ake ɗaurewa ga tebur, mai baki milimita 100. Yawancin raunin da ake samu a wurin aiki, hannu ɗaya na riƙe da abu ɗayan na yanka. Wanga matsi shi ke fidda hannun hagu daga hanyar zarto. A ƙara ƙananan matsi biyu irin na kafinta.

Zarton ƙarfe mai ruwa milimita 300, haƙori 24 a inci. In ƙarfen siriri ne, mai 32, domin ƙa'ida ita ce haƙori uku aƙalla su hau kan abin da ake yanka, in ba haka ba zarto shina cijewa ya karye. Haƙoran su kalli gaba, a danna wajen turawa, a sassauta wajen dawowa. Ruwa biyar za a saya, masu koyo suna karya shi. Magagari biyu, mai faɗi da mai zagaye. Alminiyo shina toshe haƙoran magagari, a goga mishi alli kafin a fara, ga shi kuwa a makaranta kuke.

Na awo: rular ƙarfe santimita 30, ekar ta kafinta, da ma'aunin kauri mai zamewa ɗaya. Sai ƙarfen ɗigo da ƙaramar guduma. Duk ramin da ba a buga mishi ɗigo ba, mesh, wato bakin injin huda, zai zame ya huda gefe. Milimita ɗaya kacal a ramin moter ya isa robot ya riƙa karkata hagu, yara su kwana suna neman laifin a kwamfuta.

Malam Isufu:
Allah ya ƙara girma Baba. A kasuwa ana sayar da babban akwati mai kaya sama da ɗari, turnabis da kile, wato sifana, da komai. Ba zai fi sauƙi ba a ɗauki ɗaya a huta?

Baba Aliyo:
Araha ba ta ado, Malam. Cikin ɗarin nan goma kaɗai za ku taɓa, kuma goman ƙarfensu taushi gare shi. Yara takwas kuma za su yi layi a kan kile ɗaya. Dabara ita ce ku zaɓi girman bis, wato ƙusa mai zare, ɗaya ga robot ɗin duka, M3, sannan ku sayi abin ɗaure shi da yawa.

Ekuru, wato noti, na M3 kile 5.5 yake sha, kuma akwatunan kasuwa da yawa daga 6 suke farawa. A nemi 5.5 musamman, guda uku. Bis M3 mai kai kamar ganga da rami mai kusurwa shida, kile Allen 2.5. Ƙaramin bis marar kai da ke riƙe taya ga sandar moter, 1.5. In kun shiga M4, ekuru 7 ne, Allen 3. Tsawon bis: 6, 10, 16, 25, hamsin hamsin, da rondel, wato washa, da ekuru mai zoben roba a ciki wanda jijjiga ba ta kwance shi. Ramin da M3 zai wuce mesh 3.2 ne. In ba a samu ba, 3.5 da rondel. In za a yanka zare cikin alminiyo, ramin 2.5 ne.

Turnabis mai gicciye iri biyu ne masu kama da juna, PH da PZ. Na PZ yana da ƙarin ƙananan layuka huɗu a kan bis ɗin, shi ne na katako da ake samu ko'ina. Kayan lantarki kusan duk PH ne. In an gauraya su, kan bis ɗin ya cinye. PH0 ɗaya, PH1 biyu, da mai faɗi milimita 2.5 ko 3 don ƴan akwatunan da ake matse waya a ciki.

Abdul-Karim:
Ƙari kan maganar Baba: in wata rana aka ba ƙungiyar kayan gasa daga waje, a duba girmansu kafin a sa kile. Na kamfanin REV bis M3 ne da kile 5.5, na kamfanin goBILDA M4 ne. Amma wasu kayan Amurka awon inci ne. Allen 3/32 na inci milimita 2.38 ne, yana shiga ramin 2.5 kamar ya dace, sai an ja ya murje kusurwoyin. A shafa wa na inci fenti daban.

Sai dai ni ina ganin an manta babban abu. Injin buga abu mai siffa, firintar 3D. Da ita za a fitar da mazaunin moter da na na'urori daidai awo, ba zarto ba magagari. Ko da za ta cinye yawancin kuɗin, ita ce ke koya wa yara zanen zamani.

Injiniya Hadiza:
Ƙanena, amfaninta gaskiya ne, amma ba bana ba. Zaren PLA da ake fara koyo da shi yana laushi a wajen digiri 60. Robot da aka bari a rana a watan Afrilu, ko cikin mota a rufe, mazaunin moter ɗinsa zai lanƙwashe, bis ya saki. PETG ya fi juriya, wajen digiri 80, amma ya fi wuyar bugawa. Bugun abu ɗaya yana cin awa uku ko biyar, in kuran ya yanke a tsakiya sau da yawa an yi asarar aikin da zaren. Ƙurar hunturu tana hawa zaren ta toshe bakin, wanda milimita 0.4 ne kacal. Zaren kuma sai an yi odarsa. Ƙungiyar da ta saye ta da jika 150 za ta zauna da inji ɗaya ba miltimita.

Abdul-Karim:
Na yarda da maganar kuɗin. Amma zanen fa? A bar yara su yi ta yanka da ka?

Baba Aliyo:
A'a, su zana. A zana a kwamfuta ko a takarda mai murabba'ai, a buga daidai girmansa, a manna takardar kan allon, a buga ɗigo ta cikinta. Ga zane ga awo. Abin da za a yanka kuma shina nan gida. Farin allon roba da masu rubuta allon talla ke aiki da shi, wanda suke kira foreks, milimita 5, wuƙar kata tana yanka shi in an bi rular ƙarfe sau huɗu ko biyar. Sai dai kada a ƙona shi ko a huda shi da ƙarfe mai zafi, hayaƙinshi guba ne. Falankin kwantirplake milimita 4 ko 5 daga ragowar kafinta. Guntayen alminiyo mai kusurwa daga masu haɗa tagogi, ku da ke Yamai ga Katako nan. Abin da zan hana shi ne roba mai kama da gilashi, tana tsagewa a bakin rami in mesh ya kusa fita.

Injin huda ɗaya ya isa, mai batir, bolt 12 ko 18, mai baki milimita 10. Mai waya ya fi araha amma gudu gare shi da ƙarfi fiye da hannun yaro, kuma ba kuran ba aiki. Mesh na ƙarfe, 2, 2.5, 3.2, 4.5, 6, kuma ƙananan a sayi uku uku. A lura, mesh mai ɗan faffaɗan ƙarfe liƙe a bakinshi na siminti ne, ba ya yanka alminiyo. A matse abu, a sa katako a ƙarƙashi, a fara da 2 sannan a faɗaɗa, a sassauta hannu in an kusa fita.

Malama Rakiya:
Kuma mai huda ba ya sa safar hannu, mesh yana kama ta ya naɗe yatsa. Haka bakin hijabi, rawani, da hannun riga mai faɗi. Ƴan matan su cusa hijabin cikin rigar aiki ko su ɗaura ƙaramin kallabi a wannan lokacin. Wannan ba dalilin hana su riƙe injin ba ne, rigar aiki biyu masu matsattsen hannu sun warware matsalar.

Malam Isufu:
Na rubuta. Batir fa? An ba mu shawarar ƙaramin 9V mai kusurwa huɗu, tun da Arduino yana karɓar 7 zuwa 12.

Injiniya Hadiza:
Arduino zai karɓa, moter ba za ta karɓa ba. Wannan batirin an yi shi don abu mai shan wuta kaɗan. Moter na tashi bolt ɗinsa zai faɗi, Arduino ya mutu ya sake tashi, robot ya riƙa zabura yana tsayawa. Kuma kada a taɓa haɗa moter kai tsaye da ƙafar Arduino: miliamper 20 aka tsara wa kowace ƙafa, 40 ne iyakar da take ƙonewa, ƙaramar moter ɗin nan kuwa in an riƙe ta tana neman wajen amper ɗaya. Dole sai allon tuƙa moter. L298N shi ya fi samuwa, amma yana cinye wajen bolt 2 ko fiye ya mai da shi zafi. TB6612FNG ba ya wannan asarar, yana ɗaukar amper 1.2 kowane gefe.

Abin da ya dace da ku batirin litiyom samfurin 18650 biyu a jere, bolt 7.4, cike 8.4. An cire na L298N, saura wajen 5 da ɗoriya ga moter mai bolt 6, daidai. Kada a ce bolt 12 ya fi. Mai rage wutan da ke kan Uno yana mai da rarar zafi: daga 12 zuwa 5 saura 7, sau amper 0.3, wat 2.1 ke nan a kan abu kamar ƙwayar wake, a ɗakin da ya riga ya yi zafi. Da 7.4 bai kai wat ɗaya ba.

Abdul-Karim:
Me zai hana batirin LiPo, wani nau'in litiyom, mai ɗaki biyu? Ya fi sauƙin nauyi, ya fi ba da wuta, shi ƴan gasa ke sawa.

Mamman Sani:
Wutar da yake bayarwa ita ce matsalar. Jakar leda ce mai taushi, bis ɗaya da ya fito ta ƙasan allo ya isa ya huda ta. Yana buƙatar caja mai daidaita ɗakuna, in za a ajiye shi hutu sai an saukar da kowane ɗaki zuwa 3.8. Robot mai bin layi ba ya buƙatar wannan ƙarfin. 18650 gwangwanin ƙarfe gare shi, yana yafe kuskure fiye da LiPo.

Amma shi ma a san na saye. Na gaskiya bai wuce wajen 3500 mAh ba. Wanda aka rubuta wa 6800 ko 9900 ƙarya ce a fili. A ɗora a sikeli, na kirki yana kai wajen giram 45, na jabu ba shi da nauyi. Waɗanda ake cirewa daga tsohon batirin kwamfuta sukan fi na jabun kyau, in babba ne ya cire ya gwada: wanda aka tarar ƙasa da bolt 2.5 a ware shi, sauran a cika su zuwa 4.2, a bar su mako guda, wanda ya sauka da kansa sosai a ware shi. A duba rigar robar. Gwangwanin gaba ɗaya − ne, kuma a sama tazararsa da + ƴar kaɗan ce, in rigar ta yage a nan ƙarfen mazauni zai haɗa su. Ba a liƙa dalma a jikin batir, mazauni ake saya.

Caja mai ramuka wadda ke cika kowane batir shi kaɗai. Ƙaramin allon caji TP4056 na batir ɗaya ne. In aka sa biyu a kan batura da ke jere, aka ba su wuta daga USB ɗaya, ƙasansu haɗe yake, batir ɗaya zai haɗu da kansa.

Injiniya Hadiza:
Ga abin da ya shafe mu musamman: masu ƙera litiyom sun ƙayyade caji tsakanin digiri 0 da 45. A Yamai da Tawa, Afrilu da Mayu, inuwa kanta tana haura 40, balle ƙarƙashin kwano da azahar. A yi caji da safe, da mutum a wurin, ba a bari ya kwana. Cajar ta zauna a kan siminti ko cikin kaskon ƙasa, nesa da takardu, da bokitin yashi kusa. Batirin da ya kumbura ko ya yi zafin da hannu ba ya jurewa, a kai shi waje cikin yashi. Kowane robot kuma a sa masa fizibil ɗin mota mai amper 5 a jar waya dab da batir, sannan makunni. Masu kayan gyaran mota suna da shi da mazauninsa.

Mamman Sani:
Waya ba a yi maganarta ba. Ta gini mai zare ɗaya ba ta yi, jijjiga na karya ta a bakin liƙi. Mai zare da yawa: 0.75 mm² daga batir zuwa allon moter, ja da baƙa, siririya kuma ga na'urori. Ƴan wayoyin nan masu launi da ake cusawa a allon gwaji na saƙo ne, kada wutar moter ta bi ta cikinsu. A kankare zare ɗaya a shago, in cikinsa fari ne alminiyo ce aka shafa wa jan ƙarfe, ba ta son dalma kuma tana cin bolt. Abin fere waya ɗaya mai ramuka masu lamba, domin reza tana yanke rabin zaren ba a sani ba. Fensar yanka biyu, mai dogon baki biyu. Ta yankan waya ba a datse bis da ita, sau ɗaya ya isa ya yi mata giɓi. Robar da ke tsukewa da zafi, milimita 2, 3 da 5, ta fi baƙin eskoci, wato salatif, wanda gaminsa ke narkewa ya zame a zafinmu. Gam ɗin bindiga ma haka, kada a riƙe moter da shi. Eskocin dai a saya, shi ne layin da robot zai bi.

Kebul ɗin Uno irin na firinta ne, a sayi biyu. Allunan da ba na asali ba da yawa suna da guntun USB mai suna CH340, sai an sa wa kwamfuta direbansa, wato manhajar da za ta gane shi da ita. A sauke shi tun ana da intanet.

Injiniya Hadiza:
Da hunturu kuma, iskar ta bushe, kujerar roba da riga suna tara tartsatsin da ke kashe allo ba alama. Yaro ya taɓa ƙarfen taga kafin ya ɗauki allo, ya riƙe shi ta gefe. Alluna su koma jakarsu mai ruwan azurfa, komai ya shiga akwati mai murfi saboda ƙura. Na'urar ba da wuta mai ƙayyade amper, bolt 30 amper 5, ita ce abin da zan sa a gaba in an samu ƙarin kuɗi, kafin firinta. Ana saita ta a miliamper 200, in akwai kuskuren haɗi sai ta tsaya a nan, allon ya tsira.

Malam Isufu:
Allah ya saka da alheri. Tambaya ɗaya ga Baba: teburan na ɗalibai ne, katakon sama bai fi santimita 2 ba, ƙafafun bututun ƙarfe. Za su ɗauki eto?

Baba Aliyo:
Haka nan ba za su ɗauka ba, katakon zai tsage a bakin bulon. A samo katako mai kauri santimita 4, faɗi 25 tsawo 40, a ɗora a kusurwar tebur daidai saman ƙafa, ba tsakiya ba. A huda shi tare da tebur, a ɗaure da bulon M8 ko M10 gwargwadon ramin eton, da manyan rondel ta ƙasa. Bakin eton da ba ya motsi ya ɗan fito gaban tebur, don dogon ƙarfe ya sauka tsaye ba ya bugun gefe. Tsawo kuma, saman eton ya zo daidai gwiwar hannun mai yanka, gajeren yaro a sa mishi katako ya taka. In teburin shina rawa, a jingina shi ga bango, a ɗora buhun yashi a sandar ƙasa. A yanko alminiyo mai kusurwa biyu a rufe haƙoran eton da su, don kada su tauna abin da aka matse. Teburin ga kuma na aikin ƙarfe ne kaɗai, na lantarki ya koma ɗaya ƙarshen ɗakin, domin garin alminiyo in ya faɗa kan allo shina haɗa ƙafafu.